Darasin Kiyaye Kai: Ratsa Kwari Zuwa Bukkar Gona

'Yan uwa mazauna Minawao, da damina ta kama, iyalai kan nufi gindin duwatsun Mandara don noma, kiwo ko neman itace, wasu har su kwana a bukkar gona. Hanya takan bi ta cikin kwari, inda gari ke nesa, waya kuma ba kullum take kamawa ba. A irin wannan wuri mai taimako ba ya zuwa da wuri, don haka shirin da kuka yi tun daga gida shi ne kariyarku.

Kafin ku tashi

Ku tambayi shugabannin unguwarku da jami'an tsaro ko hanyar tana da lafiya. Idan sun ce a dakata, ku dakata, musamman wajen iyakar Najeriya. Ku tafi ku 3 ko fiye: in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. Ku faɗa wa na gida hanyar da za ku bi da ranar dawowarku. Ku riƙi katinku na ɗan gudun hijira, tocila, ashana a cikin leda, bargo, sanda, takalmi mai rufe ƙafa, da ruwan sha aƙalla lita 3 kowane mutum.

Lissafin lokaci

Mai ɗauke da kaya yakan ci kamar kilomita 4 a awa ɗaya a fili. Da hawan dutse, da yara ko tsofaffi, tafiyar tana iya ninkawa. Duhu kuma yana riga shiga kwari, domin dutse yana tare rana tun kafin ta faɗi. Ku tashi da sassafe. Idan azahar ta yi ba ku kai rabin hanya ba, ku juya gida. Gona ba ta gudu.

Ruwan da ba ku ga zubarsa ba

Busasshen rafi, wanda mutanen nan ke kira mayo, yana da daɗin bi, amma tarko ne. Ana iya tafka ruwa a kan dutse alhali inda kuke ko yayyafi babu, sai ambaliya ta gangaro cikin mintoci. Alamunta su ne ruri daga sama, da jan ruwa mai ɗauke da kara da ganye. Ku hau gefe nan take, kada ku gudu ta cikin rafin. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana iya kayar da babban mutum. Ku jira ya janye, ko da za ku kwana.

Idan kun ga walƙiya, ku ƙirga har ku ji tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. In ba ta kai daƙiƙa 30 ba, ku sauko daga ƙololuwa, ku nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Inda kuke sa ƙafa

Ku bi turbar da mutane da dabbobi ke bi kullum. Duk wani ƙarfe, waya ko ƙunshi da ba ku sani ba, kada ku taɓa, domin yana iya zama nakiya. Ku koma ta sawunku, ku kai rahoto.

Kububuwa da kasa suna fakewa a ƙarƙashin duwatsu da ciyawa. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe da munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Idan kun isa bukka

Ku haska ko'ina, ku kakkaɓe tabarma da takalma saboda kunama. Ku tafasa ruwan rafi kafin ku sha. Dare yana da sanyi a kan dutse, amma kada ku kwana da garwashi a bukka rufe, domin iskarsa tana kisa cikin barci ba tare da wari ba.

Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, ku kuma tambayi yaranku: me za su yi in sun ji rurin ruwa? Allah ya kiyaye hanya.