Darasin Tarbiyya: Koya wa Ƙananan Yara Ingilishi da Riƙon Hankalinsu a Aji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya buɗe bakunan bayinsa da harsuna iri-iri. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa malamai da iyaye, darasinmu na wannan fitowa ya shafi koyar da ƙananan yara harshen Ingilishi, da kuma kukan da malamai suke yawan kawowa cewa yara ba su natsuwa. Da yake a ƙasar nan idan an ce turanci hankalin mutane kan tafi ga Faransanci, za mu riƙa cewa Ingilishi don kauce wa ruɗani.

1. Dalilin wannan darasi

An saba a lakwal ta gwamnati yaro ba ya gamuwa da Ingilishi sai ya shiga aji na farko na kwaleji. Amma a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, makarantu masu zaman kansu da wasu madarisu sun soma koyar da shi tun yara suna ƙanana. Buƙatar a fili take. Ɗan kasuwar Maraɗi yana bin Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano, mutumin Ƙonni yana ƙetarawa Illela, takardun magunguna da yawa da ke shigowa da Ingilishi aka rubuta su, haka ma wayar da ke aljihunmu. Ƙari a kan haka, kundin sake gina ƙasa da aka zartar a shekarar 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki.

To, sai dai da yawa daga cikin masu koyarwar samari ne da suka iya harshen amma ba a horar da su kan koyar da yara ba. Mun taɓa zama a bayan wani aji na rumfar zana, muka ga malami ya cika allo da jimloli, yara ƴan shekara 7 suna maimaitawa da ƙarfi. Kafin a jima na baya sun koma wasa da ƙasa, sai ya ɗauko tsumagiya. Aji ya yi tsit, amma da aka tashi muka tambayi wata yarinya ma'anar abin da ta yini tana faɗa, ta sunkuyar da kai. Shiru ya samu, karatu bai samu ba. Wannan shi ne abin da muke son gyarawa.

2. Matsayin koyon harshen wasu

Akwai iyayen da ke jin tsoron kada harshen ya janye ƴaƴansu daga addini. Muna girmama wannan kishi, muna kuma tunatarwa cewa aya ta 22 ta Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsunan mutane da launukansu cikin ayoyin Allah. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci Zaidu ɗan Sabitu, yana saurayi, ya koyi rubutun Yahudu domin ya riƙa karanta masa wasiƙu yana mayar da amsa, Zaidu kuwa ya ƙware cikin kamar rabin wata. Buhari ya ruwaito cewa Ummu Halid, wadda aka haifa a ƙasar Habasha, ta zo gabansa tana yarinya, ya sanya mata tufa mai ado, ya yaba kyawonsa da kalmar Habashanci don ya faranta mata rai.

Saboda haka harshe kayan aiki ne kamar alƙalami, hukuncinsa yana bin abin da aka yi da shi. Sharaɗinmu ɗaya: kada darasin Ingilishi ya ci lokacin Alƙur'ani, kada kuma a koya wa yaro raina harshen da ya sha a nono. Malamin da ke tarar yaro ko yi masa ba'a don ya yi Hausa a aji, yana dasa masa ƙyamar gidansu ne.

3. Hankalin yaro amana ne

Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, a farkon Risala da muke karantawa a zaure, ya kwatanta karatun ƙuruciya da zane a kan dutse. Mu tuna cewa abin da ake zanawa ya haɗa da yadda yaro ya ji a ransa lokacin karatun. Wanda aka zana masa tsoro, da tsoron zai girma.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'udu ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi. Da aka roƙe shi ya yi kullum, sai ya ƙi don gudun gundurar da su, ya bayyana cewa Manzon Allah (SAW) ma zaɓen lokaci yake yi musu saboda wannan dalili. Idan an kiyaye ƙosawar sahabbai, manya masu ƙishirwar ilimi, ina ga ɗan shekara 6 da ake yi wa magana da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba?

Don haka idan hankalin yara ya watse, malami ya fara binciken kansa da darasinsa. Ya duba ko maganarsa ta yi tsawo. Ya duba ko yunwa ce, domin wani yaron tun asuba yake makarantar allo, bai karya kumallo ba. Ya duba zafin rana, musamman a bazara. Ya lura da yaron da ke matse ido in yana duban allo, ko wanda ba ya waiwayowa sai an ɗaga murya, ya matso da shi gaba, ya kuma gaya wa iyayensa su kai shi likita. Yara da yawa sun sha suna "daƙiƙi" alhali ido ne ko kunne ke damunsu.

4. Yadda za a tsara darasi

Shawararmu ita ce darasin ƴan shekara 6 zuwa 9 kada ya wuce minti 30, a kuma yanka shi gunduwa-gunduwa.

Minti 3 na farko: sallama da addu'a, sannan gaisuwa da Ingilishi iri ɗaya kullum. Yaro yana samun natsuwa idan ya san abin da zai biyo baya.

Minti 5: bitar karatun jiya da na makon jiya. Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaici a rarrabe ya fi maimaici a lokaci guda zama a ƙwaƙwalwa. Mahaddatanmu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba su wasa da tilawa.

Minti 8: sababbin kalmomi, kada su wuce biyar ko shida, kowace da abinta a hannu. A shigo da bokiti da kofi da tsintsiya, a ɗaga a faɗi suna. A fara da kalmomin da Hausa ta ara daga Ingilishi, irin su mota, bokiti, taya, tela da kafinta, domin yaro ya gane ashe yana da jari tun kafin ya shigo. A faɗi kalma sau uku a tsanake, kamar yadda Anas ya ba da labari cewa Manzon Allah (SAW) yakan maimaita magana sau uku don a fahimta.

Minti 7: motsa jiki da harshen. Malami ya ba da umurni kamar stand up ko touch your head, ya aikata, yara su aikata, ba tare da an tilasta musu magana ba. James Asher, malamin jami'a a San Jose ta Amurka, shi ya tsara wannan hanya a shekarun 1960, bisa lura da cewa jariri yana fahimta ya amsa da jikinsa kafin bakinsa ya buɗe. Ƙarfin da yaro zai kashe wajen tsokanar maƙwabcinsa, ga shi an ba shi inda zai zuba shi.

Minti 5: yara biyu-biyu, wannan ya nuna abu, wancan ya faɗi sunansa, sai su musanya. Za a ji hayaniya, amma ta karatu ce. A aji mai cunkoso, wannan ce kaɗai hanyar da kowane yaro zai buɗe baki.

Minti 2 na ƙarshe: a tattara kalmomin yau, a yi addu'ar tashi.

Akwai ƙananan dabaru da ke tallafa wa wannan tsari. Malami ya yi yarjejeniya da yara kan alamar shiru guda, misali ya tafa sau biyu ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga nasa. Ya guji ƙwala ihu, domin kunnen yaro yana sabawa da ihu har ya daina jin sa. Ya yi tambaya tukuna sannan ya ambaci sunan mai amsawa, don kowa ya shirya. Ya kuma jira. Mary Budd Rowe ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kawai bayan tambaya, kuma idan suka kai daƙiƙa uku amsoshin sukan ƙara tsawo, yara masu kunya ma su sa baki. Kada kuma tambaya ta tsaya kan ƴan gaba ko kan maza, domin adalci tsakanin almajirai wajibi ne.

5. Baki kafin alƙalami

Yaronmu yana ɗauke da Hausa a gida, Larabci a allo, Faransanci a lakwal. Idan aka gaggauta ɗora masa rubutun Ingilishi, haruffa za su cakuɗe masa. Sunan harafin E a Ingilishi daidai yake da sunan I a Faransanci. Sunan G a Ingilishi ya yi kama da sunan J a Faransanci. Kalmar pain burodi ce a wancan harshe, ciwo ce a wannan. Yaron da ya ruɗe yakan daina ƙoƙari, daga nan sai wasa. Saboda haka a shekarar farko a tsaya ga ji da faɗa, a bar kaye ya huta har karatun Faransanci ya zauna.

Wajen furuci, Bahaushe yakan haɗa f da p, har fan da pan su zama ɗaya a bakinsa. A nuna wa yaro cewa ta farko haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, ta biyu kuwa leɓɓa ne ke rufewa su buɗe da ƙarfi. A riƙe ɗan guntun takarda gaban baki, za ta yi tsalle in an faɗi ta biyu, yara kuwa suna son wannan wasa. Ga kuma wata falala ta ɗan madarasa: sautin th na three shi ne mafitar harafin ث, na this kuwa shi ne ذ. Yaron da ya koyi tajwidi ya riga ya mallaki abin da ke wahalar da wasu, sai dai a nuna masa.

6. Maganar duka

Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Anas ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Malamin mazhabarmu Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi kan ladubban malamai, ya ƙuntata duka ƙwarai, ya hana wuce bulala uku sai da izinin uba. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali a Muƙaddima yana bayyana cewa tsananta wa almajiri yana kashe masa karsashi, ya koya masa ƙarya da yaudara don tsira daga hukunci.

A darasin harshe ɓarnar ta fi muni, domin ba a koyon magana sai da kuskure. Yaron da aka doka don ya faɗi kalma ba daidai ba, darasin da ya ɗauka shi ne rufe baki ya fi masa lafiya. Idan ya yi kuskure, malami ya maimaita daidai da fara'a, ya ce ya sake. Idan ya fitini aji, a matsa kusa da shi, a ba shi aikin riƙe kayan darasi ko share allo. In ya ci gaba, a sauya masa wurin zama, a yi masa faɗa a keɓe bayan an tashi, sannan a nemi iyayensa.

7. Kira ga iyaye da shugabannin makarantu

Iyaye, kada ku auna karatun ɗanku da yawan shafin da ya cika. Ko ba ku jin harshen, ku sa shi ya nuna muku ƙofa ko tabarma ya faɗi sunanta, ku sa masa albarka. Ku tabbatar ya sa wani abu a cikinsa kafin ya fita, kada kuma a bar shi da waya har tsakar dare, domin wanda bai yi barci ba babu dabarar da za ta riƙe hankalinsa. Shugabannin makarantu kuwa, ku sanya wannan darasi da sanyin safiya gwargwadon hali, ku daina ɗaukar shirun aji a matsayin shaidar ƙwazon malami. Ku shiga ku zauna, ku ga yara nawa ne suka buɗe baki.

Ya ku malamai, iyaye sun danƙa muku ƴaƴansu, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne game da kiwonsa. Muna roƙon kowannenku ya jarraba wannan tsari na wata guda, sannan ya kawo abin da ya gani a zaman malamai, domin mu amfani juna.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sanya albarka a karatunsu, ya saka wa malamanmu da mafificin alheri. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, muna neman gafararsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.