Ruwan da ke fita a kan nono: ba kowanne ke jin kafso ba

Wata baiwar Allah daga Kamba, mai shekara 48, ta aiko da tambaya. Wata uku ke nan wani ruwa mai kauri, kore-kore, yana ɓata mata rigar nono. Ta shanye kati biyu na kafso ja-da-yalo da aka sayo mata a kasuwar Malanbil, amma shiru. Tsoronta kada ya zama daji.

Hajiya, kwantar da hankalinki tukuna. Kowane nono yana da ƙananan hanyoyin ruwa da ke taruwa a bayan kansa. Idan mace ta doshi ɗaukewar haila, hanyoyin nan sukan buɗe, ruwa ya kwanta a ciki ya yi kauri, wani lokaci har kan nonon ya ɗan shige ciki. Bayaninki ya fi kama da wannan. Yawanci shekaru ne suka kawo shi, babu hannun ƙwayar cuta, shi ya sa kafso bai yi miki komai ba. Sau da yawa ma yakan lafa da kansa, in dai kin daina matsa shi.

Inda bakteriya ke ɓarna daban ne. Mai jego da kan nononta ya tsage, ƙwayar sitafilokokus da ke zaune a fata takan bi tsagar ta shiga. Nan da nan gefe ɗaya ya yi ja, ya ɗau zafi, zazzaɓi ya rufe ta. Ita maganin asibiti yana yi mata aiki, kuma kada ta janye jariri daga nonon, komai surutun tsofaffi cewa ya lalace. Tsotson ne ke buɗe hanyar. Akwai kuma kumburin gefen baƙin nono ga wadda ba ta shayarwa, an fi ganinsa ga masu shan sigari. A nan ƙwayoyin gauraye ne, har da irin waɗanda ba sa son iska, don haka likita kan haɗa da Flagyl ko ya ba da Augmentin. Mai kemis ba shi da hanyar tantance wannan.

In mugunya ta taru, ba aikin wanzami ba ne. Tsagarsa kan bar rami mai tsiyaya wata da watanni. A asibiti da sirinji ake zuƙe ta, a kai ɗakin gwaji a ga wace ƙwaya ce.

Abin da ba na son ki yi wa jinkiri: jini daga kan nono, ƙullutu mai tauri, fata ta koma kamar ɓawon lemu, ko kumburin da ya ƙi sauka bayan sati biyu ana magani. Akwai sankarar da ke zuwa da kamannin ƙurji.

Ki fara da babban asibitin Kamba. In sun tura ki Birnin Kebbi hoton nono, ki daure ki je, Hajiya, kuma ki riƙo katin kafson da kika sha likita ya gani.