Kafin Ka Sayi Sabon Batir

Ɗana, ɗazu bayan isha'i mahaifiyarka ta kira ni, ta ce ka shigo gida ko tuwo ba ka taɓa ba. Wai motar da ka kai gareji a canza mata gasket an haɗa komai, an rufe bonet, aka murɗa makulli ta ƙi tashi. Ta ce har kun ɗaga wa juna murya kai da bakaniken, ka rantse gobe sai ka sa an jawo ta zuwa Gwagwalada. To ka ajiye maganar janwe tukuna, ka ba ni aron kunnenka. Na fi shekara talatin ina bin titin nan na Abuja zuwa Lokoja, tun yana hannu ɗaya, kuma irin wannan baƙin cikin na sha shi ba sau ɗaya ba.

Motar nan da ƙafarta ta shiga garejin. Tana zafi, tana shan ruwa, amma tana tashi. Ke nan abin da ya hana ta tashi yau yana inda hannu ya taɓa jiya. Wannan ita ce maganar da zan so ka riƙe, domin mutum idan ransa ya ɓaci nesa yake hangowa, ya bar abin da ke gabansa. Wanda zai cire kan inji sai ya zare soket-soket sun fi goma, ya kwance wayoyi, ya cire tiyon mai, ya taɓa tayimin. Wajen mayarwa, ga magariba ta kawo jiki, ga mai mota tsaye a kansa yana duba agogo, ɗaya ya isa a manta.

Bari in ba ka labarin wautata. Wata shekara na kai Peugeot 504 ɗina aka sauke giyabos aka sa sabon kuloci, nan cikin Abaji. Da aka gama, na murɗa makulli, sai "ƙas", shi ke nan. Aka ce batir ne, na sayi batir. Aka ce kik ne, na hau mota har Zuba na sayo kik. Kwana uku ina zarya, kuɗin da na ware na buhun masara ya tafi. Rana ta huɗu wani ɗan koyo, yaron da ko gemu bai fara ba, wanda aikinsa wanke noti da fetur a cikin gwangwani, ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin motar neman sifana da ta faɗi. Sai muka ji ya ce, "Oga, wannan wayar ta ina ce?" Wata kitsattsiyar waya ce mai faɗin yatsa biyu, tana reto, bakinta ɗaya a jikin mota, ɗayan a iska. Wayar as ce, wadda ke mayar da wuta daga inji zuwa batir. Noti ɗaya aka ɗaura, bugu ɗaya ta tashi. Tsohon kik ɗin nan lafiyarsa ƙalau, ya shekara a ƙarƙashin gadona ina jin kunyar kallonsa.

Saboda haka gobe idan ka je, kafin kowa ya ɗauki sifana, ka zauna a kujerar direba, ka kashe rediyo, ka saurari abin da motar za ta faɗa maka.

Idan ka murɗa makulli fitilun dashbod suka dushe, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas inji bai juya ba, maganar wuta ce. Ka kama kan batir da hannu ka murɗa. In ya motsa, bai ɗauru ba. Ka duba ko akwai farin gari ko kore-kore a kansa, a kankare shi. A nemo rewaya ya sa mita: batir mai ƙoshi yana nuna wajen 12.6, wanda ya sauka ƙasa da 12 ya galabaita, kuma ba mamaki, tunda motar ta kwana biyu ƙofofi a buɗe ana ta gwaji. Caji yake so, ba lallai sabo ba. Sannan a bi wayar as, a bi fiyus. Taka mai giya otomatik ce, ka tabbata tana kan P, in ta ƙi ka gwada N. Kuma kada wani ya ce a tura ta, irin wannan ba a tayar da ita da turi.

In kuwa injin yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, to ka bar batir da kik su huta, ba su da laifi. Inji abu uku yake nema: mai, tartsatsi, da lokacin da ya dace su haɗu. Ka kawo makulli daidai inda fitilu ke kamawa, ka kasa kunne wajen kujerar baya. Famfon mai yakan yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. In shiru ne, a duba fiyus ɗinsa da soket ɗinsa. Kar ka yi dariya, ka duba ma ko akwai man a tanki. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 yawancinmu lita biyar-biyar muke zubawa, gwaji kaɗan ya shanye ta. Daga nan a bi soket ɗin sansa ɗin da ke gaya wa burenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, inda injin yake a juyinsa. Wannan in bai shiga ya yi "ƙyas" ba, ko kwana za a yi ana bugawa fulogi ba zai ba da wuta ba. Ka lura kuma da ɗan hoton makulli ko na mota a dashbod. In yana ta ƙyaftawa, motar ba ta gane makullinta ba ne.

Mu lokacinmu na kafireto, bakanike da kunne da hanci yake aiki. Motocin yanzu da kansu suke rubuta ciwonsu. Duk wadda aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 tana da wata kafa ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Abin da za ka ba mai na'urar bai kai kuɗin janwe ba, balle na burenbos da wani zai ce maka ya ƙone alhali bai auna komai ba.

Inda nake so ka fi taka-tsantsan shi ne tayimin. Idan ka ji injin yana juyawa sakayau kamar babu nauyi a cikinsa, ko yana tari ta baya, ko ka ji ƙarfe na bugun ƙarfe, cire hannunka daga makulli nan take. Haƙori biyu ko uku aka kuskure wajen mayar da sarƙa ko bel, a wasu injinan fistin sai ya doki bawul ya lanƙwasa shi, aikin yini ɗaya ya koma na sati biyu. Sai a buɗe a sake duba alamomin. Ko babu wannan, kada bugu ya wuce daƙiƙa goma, a bar kik ya huce kafin a sake.

Akwai dabarun gareji da ba na so a yi a motarka. Kada a tsiyaya fetur a maƙogwaron inji wani na bugawa. Na ga girar mutum ta tafi a haka, Allah ya taƙaita. Fiyus in ya ƙone a sa irinsa mai lamba ɗaya, kada a naɗa masa silin waya, kuma a tambayi abin da ya ƙona shi. Idan ta tashi, kada a cire kan batir wai a gwada caji. 504 ta jure wannan, taka mai ƙwaƙwalwa ba za ta jure ba.

Saura bakaniken. Shi ya kwance, shi ya san abin da ya kwance, hannunsa zai tuna abin da bakinsa ya manta. Wanda za ka kai wa a Gwagwalada ko Apo daga farko zai fara lalube, da kuɗinka, kuma abu na farko da zai ce shi ne na baya ya ɓata aiki. Ka je da sassafe kafin gareji ya cika, ka yi masa sallama, ka tambayi iyali. Kada ka ce "ka lalata min mota" a gaban yaransa, mutum ba ya neman kuskurensa ana kallonsa. Ka ce, "Maigida, mu bi abin da aka taɓa jiya ɗaya bayan ɗaya." In an canza wani abu, a ba ka tsohon a hannu. In kun bi komai har azahar ba ta tashi ba, shi da kansa zai ce a kira rewaya, kuma ba ku ɓata ba, domin Abaji ƙaramin gari ne, gobe a masallaci ko wajen jana'iza za ku haɗu.

Ka ci abincinka. Bayan sallar asuba ka biyo ta gida ka ɗauke ni a babur, ina da tocila mai haske da sifana lamba goma.