Babur Mai Rikiɗa Sulke: Darasi A Kan Girma Da Nauyi

Gabatarwa

A watan Oktoba na shekarar 1983 aka fara nuna wani shirin katun a talabijin ɗin ƙasar Japan mai suna Genesis Climber Mospeada, wanda kamfanin Tatsunoko ya shirya cikin kashi 25. Labarin wasu mayaƙa ne da suka dawo daga sararin samaniya domin ƙwato duniya daga hannun wasu baƙin halittu. Abin da ya fi ɗaukar hankalin 'yan kallo shi ne baburan mayaƙan, waɗanda Shinji Aramaki ya zana. Mayaƙi na cikin gudu sai babur ɗinsa ya warware, ya naɗe masa jiki, ya zama sulke. A 1985 aka haɗa wannan shiri da wasu biyu aka nuna a Amurka da sunan Robotech, inda aka raɗa wa babur ɗin suna Cyclone.

Tun a wancan lokaci kamfanin Gakken ya fitar da ɗan mutum-mutumi da babur ɗinsa, wanda ake iya rikiɗawa da hannu. Daga baya wasu kamfanoni, irin su MegaHouse da Sentinel, suka ƙera nasu domin manya masu sha'awar tarawa. Tambayar da wannan darasi zai amsa ita ce: tun da ƙaramin yana rikiɗa a kan tebur, me ya hana a ƙera babba wanda mutum zai hau?

Yadda Ake Ƙera Shi

Ka'idar farko ita ce babu abin da ke ɓacewa. Mai zanen katun yana iya ƙanƙanta taya ko ya ɓoye inji da alƙalaminsa, amma injiniyan kayan wasa ba shi da wannan dama. Dole kowane sashe na babur ya sami mazauni a jikin mahayi: gaban babur ya hau ƙirji da kafaɗu, tayoyin biyu kuma su koma bayansa. Nauyin da aka fara da shi, da shi za a ƙare.

Wannan sauyi yana tafiya ne a kan gaɓoɓi. Akwai gaɓa mai buɗewa ta fuska ɗaya, kamar gwiwar hannu; akwai mai dunƙulallen kai da ke juyawa cikin gurbi, kamar kafaɗa; akwai kuma mai haƙora, wadda ke yin ƙas-ƙas tana tsayawa daki-daki. Yawancinsu gogayya ce kawai ke riƙe da su, wato matsewar da ke tsakanin ɓangarori biyu.

Kayan ƙirar ma kowanne da aikinsa. Jikin babur akan yi shi da roba mai tauri da ake kira ABS, wadda ake narkarwa a tura cikin mazubin ƙarfe da ƙarfin inji. Tafin hannu da sauran sassa masu lanƙwasa, da robar PVC ake yin su. Ƙashin ciki kuwa sau da yawa zubin ƙarfe ne, na tutiya da aka gauraya da alminiyam kimanin kashi 4 cikin 100. Wannan gami yana narkewa a zafin digiri 385 ko kusa da haka, kuma ya fi robar ABS nauyi kimanin sau 6.

Nauyin nan yana da amfani. Kowane abu yana da cibiyar nauyi, kuma ba zai tsaya ba sai wannan cibiya tana saitin filin da ƙafafunsa suka mamaye. Da zarar tayoyi sun koma bayan mahayi, cibiyar ta matsa baya, sai ya nemi faɗuwa rigingine, kamar wanda ya goya buhun hatsi bai sunkuya ba. Shi ya sa akan sa ƙarfe a ƙafafun mutum-mutumin, ko a haɗo shi da abin tokarewa.

Lissafin Ma'auni

Wasu daga cikin waɗannan kayan wasa an yi su ne a ma'aunin 1 bisa 12. Ma'ana, mutum mai tsawon santimita 180 ya koma santimita 15. A nan ne ɗalibai da yawa ke kuskure, su ɗauka cewa nauyi ma an raba shi gida 12 ne. Ba haka ba ne.

Idan aka rage tsawo sau 12, to an rage faɗi sau 12, an kuma rage kauri sau 12. Saboda haka:

Tsawo ya ragu sau 12.
Faɗin fuska ya ragu sau 12 x 12, wato 144.
Girman jiki da nauyi sun ragu sau 12 x 12 x 12, wato 1,728.

Alal misali, babur mai kilogiram 200, in aka ƙanƙanta shi haka da irin kayansa, zai zama giram 116 kacal. Mutum mai kilogiram 70 kuwa zai koma kimanin giram 40.

To, a juya lissafin. A ɗauki abin wasa mai nauyin giram 200 a ninka kowane sashe nasa sau 12. Nauyinsa zai haura kilogiram 345. Amma ƙarfin ƙusar da ke riƙe da gaɓa ya dogara ne a kan faɗin fuskarta in an yanka ta, wanda ya ƙaru sau 144 kawai. An ƙara kaya sau 1,728, an ƙara ƙarfi sau 144. Idan aka raba, za a ga cewa kowane ɗan yanki na ƙusar yana ɗauke da ninki 12 na abin da yake ɗauka a da. Gogayyar da ta isa riƙe tayar roba ba za ta riƙe tayar gaske ba. Idan kuma aka ƙara wa ƙusar kauri, an ƙara nauyi ke nan, sai a buƙaci inji mafi ƙarfi, shi ma da nasa nauyin.

Masanin nan na ƙasar Italiya, Galileo, ya bayyana wannan ka'ida a littafinsa da aka buga a 1638. Ya nuna cewa ƙashin babbar dabba dole ya fi na ƙarama kauri fiye da yadda tsawonsa ya ƙaru. Shi ya sa ƙafar giwa take kamar turmi, ta gizo-gizo kuwa kamar zare.

Gwajin Da Aka Yi

Injiniyoyi sun jarraba ƙera sulke mai inji. Daga 1965 zuwa 1971 kamfanin General Electric na Amurka ya yi aiki a kan wani mai suna Hardiman, da nufin mai sanye da shi ya ɗaga kilogiram 680. Da aka gama, shi kansa sulken nauyinsa ya kai kilogiram 680, kuma yana fizga ta yadda ba a iya sarrafa shi, don haka ba a taɓa kunna shi gaba ɗaya da mutum a ciki ba. Nasara ta zo ne ta hanyar rage buri. Na'urar HAL, wadda Farfesa Yoshiyuki Sankai na Jami'ar Tsukuba a Japan ya ƙirƙiro, ba ta ɗauke da taya ko tanki. Aikinta taimaka wa masu raunin ƙafa yin tafiya.

Aikin Aji

Malami ya kawo ƙwayoyin sukari masu kusurwa. Ɗalibai su jera biyu a tsawo, biyu a faɗi, biyu a tsaye, su ƙidaya: 8 ne, fuska ɗaya kuma 4. Su maimaita da uku-uku: 27 da 9. Sannan su mulmula ginshiƙai biyu na ɗanyen yumɓu, ɗaya ya ninka ɗaya sau 4 ta kowace fuska, su lura da wanda zai fara lotsawa. Daga nan su amsa:

1. Motar wasa a ma'aunin 1 bisa 10 tana da nauyin kilogiram 1. Nawa ne nauyin babbar in da irin kayan aka yi ta?
2. Me ya sa tururuwa ke ɗaukar abin da ya ninka nauyinta, amma doki ba ya iyawa?

Kammalawa

Yaron da ke ƙera mota da kara ko jirgi da gwangwani ya kama hanyar zama injiniya. Sai dai wajibi ne ya san cewa ƙaramin samfuri yana nuna siffa ne da yadda sassa ke motsi, ba ya tabbatar da ƙarfi. Duk wanda ya ninka gada ko rufin ɗaki daga samfuri ba tare da sake lissafi ba, ya jefa rayuka cikin haɗari, domin nauyi ya fi ƙarfi saurin ƙaruwa.