Sabar da ke sa ido ita ma ta yi nauyi

Tambaya: Malam, sabar Zabbix da ke lura da kwamfutocin ofishinmu ta koma tafiyar hawainiya, gargaɗi ba ya isowa sai an gama shan wahala. Sabuwa zan saya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye zancen saye tukuna. Fara buɗe shafin Queue. In ka ga awo ya taru yana jiran fiye da minti 10, duba zanen da ke nuna yadda masu ɗebo bayanai suke aiki. In sun wuce kashi 75 cikin 100 kullum, ƙara adadin StartPollers a fayil ɗin zabbix_server.conf, ka sake tayar da sabar.

Amma a ganina, galibi laifin yana rumbun bayanai. Buga iostat -x lokacin da abin ya tsananta. Faifan da aikinsa ke kusa da kashi 100 ya gaji. Me ya gajiyar da shi? Yawan tambaya. Ina amfanin auna sauran wuri a faifai kowace daƙiƙa 30? Minti 5 ya wadatar. Rage ajiyar ɗanyen tarihi zuwa mako guda, ka bar taƙaitaccen na sa'a-sa'a ya kai shekara, don mai sharar tsofaffin bayanai da ke tashi kowace sa'a ya samu sauƙi.

Rassan ofishinku da intanet ɗinsu ke yankewa kuwa, kafa musu Zabbix proxy, ya riƙe bayanai har layi ya dawo.