Yadda za mu maido da sheƙin fitilar bayan mota, ya kuma daɗe

Duk wanda ya taɓa yin tafiyar dare lokacin hunturu, misali daga Kaduna zuwa Zariya ko daga Jos zuwa Bauchi, ya san yadda direba yakan ƙura ido yana neman jan hasken motar da ke gabansa. Wani lokaci ba ya ganinsa sai ya zo dab da ita. Na gaba ya taka birki, ƙwan fitila ya kama, amma murfin ya dusashe kamar an shafa masa toka, hasken bai fito sosai ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowane sakan. Idan na baya ya makara da sakan ɗaya kafin ya gane an taka birki, wannan tazarar ta tafi ke nan.

Da yawa daga cikinmu muna da direbobi a gida, ko yara masu koyon kanikanci, ko matasa masu wankin mota. Aikin da za mu bayyana a nan bai fi ƙarfin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma kayansa suna samuwa a wurin masu sayar da fentin mota.

Me ya sa murfin yake dusashewa?

Muna ce masa gilashin fitila, amma roba ce. Yawancin murafun fitilar baya ana yin su da wata roba mai tauri da ake kira akirilik, irin wadda ake sayarwa da sunan Perspex ko Plexiglas. A Jamus aka fara sayar da Plexiglas a shekarar 1933. Jan launin yana gauraye cikin robar tun daga masana'anta. Ba fenti aka shafa a waje ba. Wannan shi ne abin da ke taimakonmu, domin idan muka goge saman da ya lalace, jan da ke ƙarƙashi yana nan.

Abubuwa biyu ne suka fi ɓata saman. Na farko rana ce. A cikin haskenta akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ke cin fuskar roba sannu a hankali har ta yi gari-gari. Na biyu, wanda ya fi yawa a wurinmu, hannunmu ne. Kowace safiya yaron mota yakan ɗauki busasshen tsumma ya share ƙurar da ta kwanta a kan fitila. Ƙurar hunturu tana ɗauke da yashi mai laushi, kuma yashi ya fi roba tauri. Kowace sharewa tana barin ƙananan zane da ba a gani. Bayan shekara biyu ko uku, zanen sun yi yawa har suna watsa haske ko'ina maimakon su bar shi ya wuce.

Mu gwada tukuna

Kafin mu kashe ko kwabo, mu wanke fitilar mu zuba mata ruwa. Idan jan ya dawo yana ƙyalli muddin tana jiƙe, lalacewar a sama take, kuma za ta gyaru. Idan tana jiƙe amma har yanzu launin ya koɗe ya koma ruwan hoda, rana ta riga ta ci launin har ciki. Guga ba za ta dawo da shi ba, sai a nemi wani murfin. Haka nan idan muka ga ƙananan tsaga a cikin jikin robar kamar saƙar gizo, ko gumi da ruwa a ciki. Ruwa a ciki alama ce robar da ke tare ruwa a bayan fitilar ta mutu, ko murfin ya tsage. A fara gyara wannan.

Wannan gwajin yana nuna mana dalilin da ya sa dabarar shafa mai take ruɗin mutane. Mun sha ganin ana shafa wa fitila baƙin mai, ko basilin, ko man birki, musamman idan ana so a sayar da mota. Mai yana cika zanen kamar yadda ruwa ya yi, fitila ta yi kyau kwana biyu. Daga nan ƙura ta manne, ta fi da muni. Man birki kuwa yana cin fentin mota idan ya zuba a kai. Fetur da tina sun fi haɗari, don suna iya sa akirilik ya tsattsage, kuma wannan ba shi da gyara. Kada a kusantar da wuta ma. Roba takan yi sheƙi idan samanta ya narke, amma tana iya lanƙwashewa ko ta yi kumfa.

Aikin guga

Muna bukatar samfefa irin wadda ake amfani da ita da ruwa, mai lamba 1000, 1500, 2000, da 3000 idan an samu. Lambar tana rubuce a bayan takardar. Ƙaramar lamba ta fi kaushi. Sai bokitin ruwa mai tsabta da ɗan sabulu, salatef na takarda, tsumman auduga mai laushi, da man goge fenti irin wanda masu fentin mota ke amfani da shi bayan sun gama feshi.

A yi aikin a inuwa, fitila tana da sanyi. Idan za a iya kwance ta daga jikin mota, ya fi. Idan ba haka ba, a liƙa salatef ninki biyu a kan fentin da ke kewaye da ita. A jiƙa samfefa kamar minti goma kafin a fara.

Kada mu yi gaggawar ɗaukar mai kaushi. Idan dusashewar kaɗan ce, man goge fenti kaɗai yakan isa. Man goge baki ma, fari irin na dā, yana ɗan taimakawa, ko da yake ba ya cire zane mai zurfi. Sai idan wannan ya kāsa za mu koma ga samfefa, mu fara da 1500. Lamba 1000 ta fitilar da ta yi kaushi sosai ce, wadda farce ke kamawa a jikinta.

A riƙa gogawa a miƙe, daga hagu zuwa dama, ba da ƙarfi ba, ana zuba ruwa kullum. Ruwan da ke gangarowa zai yi fari-fari ko ja-ja. A ci gaba har fuskar duka ta dusashe bai ɗaya, ba wurin da ke ƙyalli. A nan masu koyo sukan tsorata, don fitilar ta fi yadda take muni. Haka ya kamata ta zama. A wanke, a ɗauki lamba ta gaba, a goga daga sama zuwa ƙasa. Canza hanyar guga yana sa mu ga ko zanen lambar baya sun ɓace. Idan ba su ɓace ba, kada a wuce gaba. Yawancin aikin da ke fitowa ba kyau, tsallake wannan mataki ne ya jawo. A yi hankali da gefuna da kuma rubutun da ke jikin murfin, don suna saurin cinyewa.

Bayan lamba ta ƙarshe, a shanya, a ɗiga man goge fenti a tsumma a murza da ɗan ƙarfi, wuri kaɗan-kaɗan, har jan ya fito. Da hannu, fitila ɗaya tana iya cin kusan awa guda. Mai amfani da injin guga ya rage gudunsa, kada ya tsaya wuri ɗaya, don zafi yana narkar da roba nan da nan.

Abin da ke sa sheƙin ya daɗe

Robar da aka goge ba ta da abin da ke kāre ta. Hanya mai sauƙi ita ce a shafa mata kakin mota, wanda ake shafa wa fenti, a kuma maimaita duk bayan wata biyu ko uku. Akirilik yana jure rana sosai, saboda haka ga yawancin fitilun baya wannan ya isa, in dai ba a manta ba.

Hanya ta biyu ita ce a fesa mata fentin sheƙi marar launi, irin wanda ake haɗawa da maganin daskarwa kafin a fesa. Wannan yana iya kai shekaru. Amma tsarinsa dabam ne. Ba a goge fitila har ta yi santsi kafin a fesa, don fentin ba zai kama ba. A tsaya a lamba 1000, a wanke da sabulu da ruwa, a bari ta bushe sarai, kada mai ko kaki ya taɓa ta. Feshin farko ya zama kaɗan, a bari ya sha iska kafin na biyu, domin idan ya yi yawa lokaci ɗaya yana iya tsattsaga robar. Yana da kyau a fara gwadawa a kan wani fasasshen murfi. Hayaƙin wannan fenti yana cutar da huhu ƙwarai, kuma tsumma a hanci ba ya tare shi. Shawararmu ita ce a yi gugar a gida, feshin kuma a kai wa mai fenti da ke da abin rufe hanci na ainihi. Kada a yarda ya sa baƙin launi don ado. Duk abin da ya rage jan haske ya ɓata aikin.

Fitilar gaba ba irin wannan roba ba ce. Yawancinta folikabonet ne, wanda ba ya fashewa da sauƙi amma ba ya jure rana, shi ya sa masana'anta ke shafa masa abin kāriya. Idan aka goge shi aka bar shi haka, cikin 'yan watanni zai sake yin rawaya. Shi dole ne a rufe shi da fentin sheƙi.

Daga ranar da aka gama, a hana kowa share fitila da busasshen tsumma. A fara watsa ruwa ƙura ta sauka, sannan a sa soso mai laushi. Idan akwai inuwa, a ajiye mota a ciki, ko a juya bayanta daga rana. Kafin a tashi kuma, wani ya tsaya a baya da yamma, direba ya taka birki, ya kunna sigina ta hagu da ta dama, a tabbata kowane ƙwai yana kamawa.