Takardar jastis daban, hukuncin coci daban

Aikina a ofishin coci a Maradi shi ne sauraron ma'auratan da zamansu ya lalace, in taimaka musu su rubuta ƙorafinsu, in haɗa takardun da za a miƙa wa kotun ikilisiya. Masu zuwa wurina yawanci 'yan Sabon Gari ne, wasu daga Tibiri, wasu daga wajen Jiratawa, kuma ruɗanin kusan iri ɗaya ne. Wani zai zo da takardar rabuwa daga jastis yana son a sa masa ranar sabon aure a coci. Wata kuma ta ce ita ba ruwanta da alƙalin gwamnati, fada kawai take so ya raba su. Dukansu sun kai kukansu inda ba a maganinsa.

Alƙalin jastis yana kawo ƙarshen auren da hukuma ta san da shi. Shi ke yanke wanda zai riƙe yara, da abin da uba zai riƙa bayarwa na ci da makaranta da magani. A Nijar har yau ba mu da kundin dokar iyali guda ɗaya, saboda haka wani da dokar da muka gada daga Faransa za a yi masa shari'a, wani kuma da al'adarsa, alƙali na zaune tare da masana al'ada. Ko ta wace hanya aka bi, takardar da ta fito ba ta taɓa alkawarin da aka yi a gaban bagadi.

Ita kuwa kotun ikilisiya ba ta raba aure. A koyarwar Katolika, auren da ya ɗauru daidai tsakanin masu baftisma biyu, suka kuma tare a matsayin miji da mata, mutuwa kaɗai ke raba shi, ko Paparoma ba shi da ikon kwance shi. Tambaya ɗaya kotun ke yi: ranar da aka ɗaura, auren ya ɗauru kuwa? Shi ya sa idan mace ta zauna tana ba ni labarin wahalar shekarun baya-bayan nan, sai in saurare ta har ta gama, sannan in ce, 'yar'uwa, mu koma kafin biki.

A nan ne abubuwa ke fitowa. Kundin dokokin coci na 1983 ya ce a sashe na 1103 auren da aka shiga bisa tilas ko tsoro mai tsanani bai ɗauru ba. Na ga yarinyar da ta yi ciki a gida, uba ya ce ko ta auri yaron ko ta bar masa gida, ta amsa "na yarda" a coci alhali ba ta da wata mafita. Sashe na 1098 ya yi magana kan yaudara, wato a ɓoye wa mutum wani babban abu da gangan don ya amince. Wanda na fi cin karo da shi shi ne na 1101: namijin da ya furta alkawari da baki, a ransa kuwa ya riga ya ƙudura cewa in hali ya samu zai ƙara mata, ko in ba ta haihu ba ya sallame ta. Muna zaune cikin maƙwabtan da addininsu ya halatta ƙarin aure da saki, ba mamaki wasu samarinmu su shiga coci da wannan lissafi. Akwai kuma wanda ya bar matar aure a garinsu, a Benin ko Togo, ya zo Maradi ya ce shi tuzuru ne.

Rashin haihuwa shi kaɗai ba ya ɓata aure, dokar ta faɗa ƙarara, kuma ina son surukai su ji wannan. Duka ko neman mata da ya ɓullo daga baya ma ba hujja ba ce a karan kanta, ko da yake takan zama shaida kan halin da mutum ya shigo da shi tun farko. Amma kada wata ta ɗauka an ce ta zauna a kashe ta. Sashe na 1153 ya ba ta damar barin gidan idan ita ko 'ya'yanta suna cikin haɗari.

Mutane na tsoron shari'ar za ta ci shekaru, ko sai an je Roma. A 2015 Paparoma Francis ya sauƙaƙa tsarin. Da can sai kotuna biyu sun yi hukunci iri ɗaya, yanzu ɗaya ta isa in ba a ɗaukaka ƙara ba. Idan miji da mata sun yarda a duba, hujja kuma a fili take, bishop da kansa na iya yankewa ta gajeriyar hanya, mu kuma muna da namu bishop tun da aka kafa dayosis ɗin Maradi a 2001. Duk da haka shari'a ce ta gaske. Za a kira ɗayan ya faɗi nasa, ƙin zuwansa kuma ba ya tsayar da ita. Akwai wanda aikinsa ke nan ya kare igiyar auren, ya kawo duk abin da ke nuna ta ɗauru. Wani lokaci amsar takan fito "ya ɗauru", kuma ba na ɓoye wa kowa wannan tun ranar farko.

Abu biyu ke ci mini rai. Na farko, matan da suka daina karɓar jibin Ubangiji shekara da shekaru don kawai jastis ya raba su. Rabuwar kotu ita kaɗai ba ta hana kowa jibi, balle wadda aka yasar. Sabon aure a wajen coci ne ke kawo matsala. Na biyu, iyayen da ke gudun kotun ikilisiya don kada a kira 'ya'yansu shegu. Sashe na 1137 ya tabbatar da cewa 'ya'yan halal ne, ko da an ce auren bai ɗauru ba.

Shawarata kullum ita ce a fara da jastis idan zama ya ƙare babu gyara. Hukuncin coci ba ya tilasta wa uba ciyar da yaro, ba ya hana dangin miji ɗauke shi. Na ga wadda ta tsaya jiran amsar coci, kafin ta waiwaya an kai yaranta ƙauye, ba ta da ko takarda ɗaya ta hukuma a hannu. Bayan haka a zo da takardar baftisma, da ta auren coci, da ta jastis, da sunayen waɗanda suka san yadda aka yi neman auren: gwaggo, abokin ango, ƙawar amarya. A rubuta su da wuri, domin tsofaffi na rasuwa, matasa kuma yau suna Maradi, gobe sun tafi Agadas ko Kano neman kuɗi.